Damina ce ta ragu a Gadarif da Jazira, ko halinta ne ya sauya?

Wani matashin manomi daga cikin mutanenmu na Gadarif, a gabashin Sudan, ya aiko da tambaya. Ya ce mahaifinsa kullum maganarsa ɗaya ce, wai tun shekarar Regan, wato farin 1984, damina ba ta sake komawa yadda take ba. Shi kuwa tun tasowarsa abin da idonsa ya fi gani ambaliya ce, ba a shekara biyu sai ruwa ya ci wani gari. To wa ke da gaskiya? Sannan an yi masa tayin fili mai araha, faddan 200 (faddan ma'aunin gona ne, ya ɗan fi eka ɗaya), a arewacin Gadarif ta wajen Butana, inda ya ce a 'yan shekarun nan ciyawa har gwiwa take kaiwa. Ya karɓa ko ya haƙura?

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka gaishe min da Baba. Kada ka yi masa musu, don abin da ya faɗa yana nan rubuce a littattafan awo. Kai ma ba gizo idonka ya yi maka ba. Ni a bakin Shuɗin Nilu aka haife ni, kusa da Mai Wurno, kuma mafi yawan shekarun aikina na yi su ne tsakanin ma'aunin ruwan sama da gonakin gwaji, daga Wad Madani zuwa Sinnar zuwa can wajenku. Abin da na gani a tsawon lokacin nan shi ne ruwan sama a ƙasar nan tafiyar lilo yake yi, ya je ya dawo. Wanda ya kama hanya ya miƙe bai ko waiwayo ba shi ne zafi, kuma shi ne kai da Baba duk ba ku ambata ba.

Mu fara da shimfiɗar ƙasar. In ka bar Hartum ka nufi kudu maso gabas, fili ne guda na baƙar laka, dutse sai jefi-jefi, har ka dangana da tsaunukan Habasha. Ƙasar iri ɗaya ce, ruwan da ke sauka a kanta ne ba ɗaya ba. Hartum ba ta cika samun milimita 200 a shekara ba. Wad Madani wajen 300. Garin Gadarif wajen 600, Damazin wajen 700, can Galabat a bakin iyaka yakan haura 800. Dalili shi ne danshin da ke ba mu ruwa daga kudu maso yamma iska ke kawo shi, daga tekun Atlantika da dazuzzukan Kwango, tana tura busasshiyar iskar hamada zuwa arewa. Inda iskokin biyu suka haɗu akwai layi, masu hasashen yanayi a nan suna ce masa fasil madari. Tun bazara yake hawa arewa, ya kai iyakar tafiyarsa a watan takwas, sannan ya juyo. Layin nan ne dai ke ratsa Anjamena da Damagaram da Kano, wato damina ɗaya muke sha da 'yan'uwanmu na yamma. Shekarar da ya yi nisa arewa kuma ya daɗe a can, kowa ya ci tuwo. Shekarar da ya toge a hanya, na arewa ne ke fara kuka. Ka riƙe wannan, don filin da aka yi maka tayi a gefen tabarma yake.

In ka baje lissafin shekara 100 a gabanka, zamani uku za ka gani. Na farko ya kama daga shekarun 1920 zuwa farkon shekarun 1960, zamanin wadata, musamman shekarun 1950. Duk abin da muke taƙama da shi a wannan lokacin aka kafa shi. An gama madatsar Sinnar a 1925, Jazira, filin da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, ta fara shan ruwan kogi. A tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman tarakta a Gadambaliya, kusa da Gadarif, don ciyar da sojojin Ingila, daga nan ya bazu. Kakanninmu da suka zo tsintar auduga da yankan dawa, da yawansu a kan hanyar hajji, cikin wannan ni'ima suka sauke kaya, suka ɗauka haka ƙasar take tun fil'azal. Alhali fari ba baƙo ba ne a nan. Tsofaffin Larabawa suna ba da labarin sanat sitta, yunwar shekarar 1306 ta Hijira, wato 1888 zuwa 1889. A 1913 kuma Nilu ya yi ƙasan da masu awo ba su taɓa ganin irinsa ba, a daidai lokacin da yunwar Kakalaba take cin mutane a ƙasar Kano.

Zamani na biyu shi ne na Baba. Tun ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya fara ja da baya, aka sha wuya a 1972 da 1973, sannan 1984 ta zo ta mantar da mutane na baya. Shekarar Regan da yake faɗa ita ce wannan, sunan shugaban Amurka na lokacin da aka laƙaba wa dawar agajin da ta shigo. Mutanen Kurdufan da Darfur suka baro garuruwansu, dubbai suka yi sansani a Muwailih, bayan Umdurman. Wani masanin yanayi ɗan Ingila, Mike Hulme, ya kwatanta awon tsakiyar Sudan na 1921 zuwa 1950 da na 1956 zuwa 1985, ya samu ruwan shekara ya ragu da kashi 15 cikin 100, tsawon damina ya ragu da mako uku, kuma layukan ruwa sun zame kudu da kilomita 50 zuwa 100. Mako uku a wurin da damina gaba ɗayanta wata uku ce ba ƙaramin abu ba ne. Shi ne bambancin dawar da ta nuna da wadda ta tsaya kara.

Abin takaici, a daidai lokacin da sama take rufewa ne hukuma ta fi faɗaɗa noman tarakta. A 1968 aka kafa hukumar noman inji, a shekarun 1970 kuma aka shiga yayin cewa Sudan za ta zama rumbun abincin ƙasashen Larabawa. Aka yi ta sare daji ana yanka manyan gonaki da lissafin ruwan da ya riga ya wuce.

Zamani na uku naka ne, daga shekarun 1990 zuwa yau. Ruwa ya dawo, amma a yawancin tashoshin awo bai koma matakin shekarun 1950 ba, kuma a tsakani ana samun shekarun da ke tuna wa mutum da na baya, irin 2009 da 2015. A nan ne musunku ya samo asali: mudun awonku ba ɗaya ba ne. Baba da daminar ƙuruciyarsa yake auna ta bana, sai ya ga ta gaza. Kai da labarin 1984 kake aunawa, sai ka ga ta yi yawa. Ko mu ma'aikata wannan tarkon yakan kama mu. Ƙa'idar duniya ita ce a ɗauki matsakaicin shekara 30 a matsayin mizani. An daɗe ana aiki da na 1961 zuwa 1990, wanda duk farin nan yana cikinsa, saboda haka duk daminar da ta ɗan yi kyau sai rediyo ya ce ta haura matsakaici. In ka ji an faɗi haka, ka tambaya matsakaicin waɗanne shekaru.

Me ya kawo wannan lilon? A nan zan ɗan tsaya, don an daɗe ana ɗora wa talaka laifin da ba nasa ba. A 1975 wani masanin muhalli mai suna Hugh Lamprey ya zagaya arewacin Sudan a jirgin sama, ya kwatanta abin da ya gani da taswirar tsirrai ta 1958, ya ce hamada tana tahowa kudu da kimanin kilomita 5 da rabi duk shekara. Maganar ta shiga littattafan makaranta, mu ma da ita aka koyar da mu. Aka ce awakin makiyaya da gatarin mata masu itacen girki ne suka kori ruwa. Sai dai taswirar da ya dogara da ita an zana ta ne a ƙarshen shekarun wadata, shi kuwa ya leƙa ƙasar tana fitowa daga fari. Da masu bincike na jami'ar Lund ta Suwidin suka duba Kurdufan da hotunan tauraron ɗan'adam a shekarun 1980, ba su ga wannan tattakin ba. Daga baya hotunan suka nuna bakin hamada gaba da baya yake yi yana bin ruwa: ya sauko kudu sosai a 1984, da aka samu damina ya koma arewa.

Asalin abin a teku yake. Tun 1986 masana a Ingila suka nuna cewa farin Sahel yana tafiya ne tare da zafin ruwan tekuna. Idan tekunan kudancin duniya da na Indiya suka fi na arewa ɗumi, layin nan namu ba ya samun ƙarfin hawa arewa. Cikin abubuwan da suka sanyaya tekun arewa a wancan zamanin har da hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka, wanda ke tare hasken rana. Da suka kafa dokokin tsabtace iska, arewacin Atlantika kuma ya yi ɗumi, sai ruwa ya fara dawo mana. A kan wannan doguwar tafiya kuma akwai gajera, El Nino, ɗumamar ruwan tekun Fasifik da ke zuwa bayan 'yan shekaru. Yawanci idan ta zo daminarmu da ruwan Nilu sukan yi ƙasa, kamar 1972 da 1987 da 2015. Kishiyarta La Nina takan zo da ruwa, kamar 1988 da 2020. Ba kullum lissafin ke fita ba, don 1984 kanta ba shekarar El Nino ba ce. Ban ce sare daji ba shi da illa ba, zan zo kansa. Na ce ne ba akuyar Bafillace ce ta hana hadari haɗuwa ba.

Yanzu ga abin da ya fi shafar aljihunka. Ruwan da ya dawo ba da halinsa na da ya dawo ba. Manoman ƙasar nan suna lissafin damina da taurari, abin da ake kira ina, kusan kowace kwana 13: dira'a tana shiga wajen 9 ga watan bakwai, sai natra, sai tarfa mai kuka a farkon watan takwas, sai jabha, khairasan, sarfa, iwa, simak. An ce wa tarfa mai kuka ne saboda irin ruwanta, yayyafi mai naci da zai wuni yana zuba, irin wanda Bahaushe ke kira marka. Wannan shi ne ruwan da ke gina dawa. Abin da awon Gadarif ya nuna a shekarun baya-bayan nan shi ne farkon damina da ƙarshenta suna ƙara bushewa, ruwan yana tattaruwa a tsakiya, kuma kaso mai yawa yana zuwa ne a 'yan manyan saukoki. Jimillar shekara za ta iya fitowa daidai a takarda, gona kuwa ta sha ƙishi da nutsewa duk a damina ɗaya.

Bari in kawo maka shi kusa. Milimita 1 a kan faddan ɗaya lita 4,200 ce, wato duro 21 na mai lita 200. Ruwan milimita 80 a dare ɗaya, wanda yanzu ba abin mamaki ba ne a wajenku, duro 1,680 kenan a kan kowane faddan. Ka san halin baƙar lakarmu. Da rani takan tsage har ƙafar yaro ta shige. Ruwan farko ta tsagogin nan yake gangarawa ya jiƙa can ciki. Da ta sha sau biyu ko uku sai ta kumbura, tsagogin su rufe ruf, daga nan sai a hankali take karɓar ruwa, kamar mara lafiya yana kurɓar kunu. In ka juye mata duro 1,680 a wannan halin, kaɗan ne zai shiga. Sauran ko dai ya gudu zuwa kwari da ƙasar sama a bayansa, ko ya kwanta a gona rana ta shanye shi. Riɗi ya yi kwana uku ƙafarsa a ruwa, ya yi rawaya, shi kenan. Ga kuma babur, wato tarakta, kada 'yan'uwa na Najeriya su ɗauka mai ƙafa biyu nake nufi. Bayan irin wannan ruwa sai ya yi kusan mako bai iya shiga gona da diski ba. Na sha ganin mai gona zaune a gindin babur ɗinsa a ƙarshen watan bakwai, mai a tanki, iri a buhu, yana kallon ranakun shuka suna wucewa. Da ƙasa ta tsane ya shuka, sai kuma sabna ta biyo, ruwa ya ɗauke na mako biyu ko uku, tsiro yana ɗan yatsa.

Wannan ba tsautsayi ba ne, yana da dalili. Duk digiri 1 da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin 100, saboda haka hadari yakan daɗe bai cika ba, in ya cika kuma ya zubar kamar da bakin ƙwarya. Wani bincike da aka buga a 2017, da hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna manyan hadura masu tsanani a Sahel na yammacin Afirka sun ninka sau uku tun 1982. Mu ma mun ga namu. A daren 4 ga Agustan 1988 Hartum ta samu fiye da milimita 200, abin da ya fi ruwanta na shekara guda. A 2020 Nilu a Hartum ya haura mita 17.6, ya wuce na 1946 da na 1988, har aka kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. A Agustan 2022 ruwa ya shafe unguwanni da ƙauyuka a Managil. Amma kada ka auna daminar gonarka da ambaliyar talabijin. Ruwan da ya cika kogi a 2020 yawancinsa a tsaunukan Habasha ya sauka. Kuma gidajen da ke rushewa, da yawa an gina su ne a hanyar ruwa a shekarun fari, lokacin da mutane suka ga kwari ya shekara 20 a bushe suka ɗauka ya mutu.

To, zafi. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar da nazari kan yanayin Sudan a 2011, inda ta ce zafi ya ƙaru da fiye da digiri 1, kuma ga amfanin gona wannan daidai yake da a sake rage ruwan sama da kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Ka karanta wannan wa Baba, don shi ne sirrin abin da yake ji a jikinsa. Milimita 500 na yau ba ya aikin milimita 500 na 1960. Rana tana ƙwace rabonta daga ƙasa da ganye da hafir, wato tafkin da ake haƙa don tara ruwan sama, fiye da da. Dawar da aka shuka a makare kuma takan yi bununi ne a darat, zafin nan na ƙarshen damina, kuma idan zafi ya doshi digiri 40 a kwanakin bununi, sai ka ga kai ya fito da kyau amma ka murza ka samu rabi babu ido. Dare ma ya daina sanyi kamar da. Shuka kamar mutum take, in dare ya yi zafi abincin da ta tara da rana take ƙonawa. Tun daga wancan nazarin zafin bai sauka ba, 2024 ce shekarar da ta fi kowace zafi a tarihin awon duniya.

Kada ka ce mutanen Jazira sun huta tunda su tur'a, wato magudanar ban ruwa daga kogi, suke sha. Faddan miliyan 2 da 'yan kai ne, har da Managil, amma alkamarsu tana cikin waɗanda ake nomawa a wuri mafi zafi a duniya. Hunturun Jazira gajere ne. A shuka a watan sha ɗaya, a yi addu'a kada zafi ya dawo a watan biyu lokacin da tsaba take cika. In ya dawo da wuri sai ta motse, buhu ya cika amma ba nauyi. Masu bincike a Wad Madani sun fitar da irin da ke jure zafi, kamar Imam da Gumriya, sun kuma taimaka ƙwarai, sai dai tsere ne da abokin da ba ya gajiya. Shi kuwa ruwan tur'a matsalarsa ta fi yawa a laka. Madatsar Sinnar da aka gina don ta riƙe kubik mita miliyan 930 ta rasa fiye da rabin cikinta, kuma mai hawasha, wato gonar ban ruwa, a wutsiyar tur'a ya san ƙishirwarsa ba daga sama take ba. Yanzu ga madatsar Habasha, wadda aka fara tara mata ruwa a Yulin 2020 aka buɗe ta a Satumban 2025, mai ɗaukar kubik mita biliyan 74, fiye da abin da Shuɗin Nilu ke kawowa a shekara. Za ta rage laka, ta daidaita ruwa tsakanin damina da rani. Amma mu da muka tashi a kan juruf, gaɓar kogin da ambaliya ke shafewa da sabuwar laka mu bi bayanta da masara da kabewa da wake, mun san wannan noman da cikar kogi da janyewarsa yake rayuwa. Daga yanzu hawan kogi da saukarsa a Mai Wurno ba labarin sama kaɗai yake bayarwa ba.

Akwai kuma laifin da ake kai wa sama alhali a ƙarƙashin ƙafa yake. Gonar da aka shekara 40 ana zuba mata dawa a kan dawa, ba hutu, ba taki, diski yana kartar saman ƙasa a zurfi ɗaya har ƙasansa ya daskare, ko ruwan 1950 aka dawo mata da shi ba za ta ba da buhunan 1950 ba. Alamarta ƙuduji, wanda a nan ake ce wa buda. In ka ga gona ta yi ja da furensa, ƙasa ce ke cewa ta gaji. Dokar daji ta ce a bar kashi 10 cikin 100 na gonar damina da itatuwa, kashi 5 na gonar ban ruwa. Ka hau mota daga Gadarif ka yi ta tafiya, ka ƙirga min gonakin da suka cika wannan. Ɗakwara da sauran ƙayoyin da ke karya iska, su riƙe ƙasa, su mayar mata da ƙarfi, an mai da su gawayi. Wannan bai hana hadari zuwa ba, amma ya hana ƙasa riƙe abin da hadarin ya kawo.

Wani abu a gefe, game da alƙaluman da nake kawo maka. Na taɓa zuwa duba wata ƙaramar tashar awo, na tarar littafin a cike tsaf har na jiya, na leƙa ma'aunin na samu zanzaro ya yi gini a maƙogwaronsa. Mai kula da shi daga ɗaki yake kallon hadari ya rubuta abin da ransa ya ba shi. Sai da muka zubar da lissafin damina biyu. Shi ya sa ba a yanke hukunci da tasha ɗaya, sai an haɗa da yawa an ga sun faɗi magana ɗaya. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya kai Wad Madani a Disambar shekarar, ya yanke awo a wurare da dama, kuma ruwan da ba a auna ranar da ya sauka ba ya tafi kenan. Saboda haka ka zama ma'aunin kanka. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, a kan turke a fili nesa da bishiya, da rula, da littafi. Kowace safiya ka tsoma rula ka rubuta, har ranakun da ba a yi ruwa ba, don su ne suka fi faɗa maka gaskiya.

Game da gaba, lissafin masana ya haɗu a kan abu biyu: zafi zai ci gaba da hawa, ruwa mai ƙarfi a lokaci ɗaya zai ƙaru. Jimillar ruwan shekara kuwa, da yawa daga cikin lissafan suna nuna ƙari a tsakiya da gabashin Sahel, raguwa a can yamma wajen Sanagal. Ko da ƙarin ya tabbata, ka ga irin ruwan da zai zo da kuma rabon da rana za ta ɗauka.

Filin Butana kuwa, shawarata kada ka sa uwar kuɗinka a ciki. Ciyawar da ka gani har gwiwa gaskiya ce, haka ma waɗanda suka matsa arewa a shekarun 1950 suka gani. Wuri ne da shekarar ruwa zai ba ka mamaki, shekarar da layin nan ya toge kuma ko irin da ka zuba ba za ka mayar ba, kuma arahar da aka yi maka mai filin ya san dalilinta. Kafin komai ka bincika ko yana bayan layin kiwo da hukuma ta shata a arewacin jihar, ko burtali ya ratsa shi, don Butana ta masu raƙuma da tumaki ce tun kafin a ƙera babur, kuma rigimar ɓarna ta fi fari tsada. In takardunsa sun fita lafiya kuma ranka yana so, ka karɓe shi haya na damina biyu ko uku, ka noma kashi ɗaya cikin huɗu. Ka tayar da taras, kunyar ƙasa mai tare ruwa, ta gefen gangare tun da rani, don a can duk ɗigon da ya gudu asara ne. Ka zuba iri mai saurin nuna irin Arfa Gadamak, ka bar su Wad Ahmad da Tabat wa gonar da ta fi ruwa, kuma ka raba shukar biyu da tazarar kwana goma. Kada ka ci bashin salam, wato karɓar kuɗi tun kafin girbi a biya da amfanin gona, a kan wannan filin ko da wasa. Manoma nawa suka kwana a kurkuku a ƙasar nan saboda sun sayar da dawar da sama ba ta ba su ba.

Kafin ka ba da ko fam ɗaya, ka je can da kanka a watan takwas, kwana biyu bayan ruwa, da rodi mai tsawon mita ɗaya. Ka soka shi a wurare goma, tudu da kwari, ka ga inda yake tsayawa. In bai wuce kamu ɗaya ba a tsakiyar damina, ƙasar ba ta ajiye abin da zai kai dawa darat. Sannan ka nemi tsohon makiyayi a bakin hafir mafi kusa, ka sha shayi da shi, ka tambaye shi yadda wurin ya kasance a 2015, da kuma watan da hafir ɗin ya ƙafe a shekarar.